Yadda ake gane gangaren da ke shirin zaftarewa

Duk dutse da ƙasar da ke kan gangare, nauyinsu na jan su zuwa ƙasa dare da rana. Abin da ke riƙe da su shi ne cizon da ƙwayoyin ƙasa ke yi wa juna, da danƙon laka, da saiwoyin itatuwa. Dubi yashin da tifa ta juye: in busasshe ne, ba ya wuce karkatar digiri 34 ko kusa da haka, kuma da ka ɗebi shebur guda a gindinsa sai na sama ya sulalo ya cike gurbin. Haka tsauni yake. Ranar da nauyi ya rinjayi riƙo, ƙasa ta tafi.

Da farko, nemi alamar tsohon motsi. Wata ƙasar takan yi shekaru tana rarrafe, ido bai gani. Itatuwa masu lanƙwasasshen gindi ne ke tona asirinta, da turakun wutar lantarki da suka karkata, da katangar da ta yi ciki, da ƙyauren da ya fara ƙin rufuwa.

Na biyu, bi sawun ruwa, domin shi ne babban mai ingizawa. Idan ya cika ƙofofin ƙasa yana ƙara mata nauyi, yana kuma raba ƙwayoyinta har cizon ya saki. A ranar 14 ga Agustan 2017, bayan kwanaki ana tafka ruwa, gefen tsaunin Sugar Loaf ya ɓalle da sassafe ya rufto kan yankin Regent da ke bakin Freetown a Saliyo. Mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace, a wurin da aka sare daji aka cika da gidaje. Saboda haka ka sa ido kan sabon idon ruwa da ya ɓullo a gindin gangare, da rafin da ya rikiɗe ya zama caɓi. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce rafi ya janye farat ɗaya alhali ruwan sama bai ɗauke ba: ƙasa ce ta toshe shi a sama, kuma toshiyar na iya ɓallewa.

Na uku, auna tsaga. In ka ga ƙasa ta dare a saman gangare, kafa turke biyu, ɗaya a kowane gefe, ka auna tsakaninsu kowace safiya da bayan kowane ruwa, ka rubuta. Tazarar na ƙaruwa, musamman in ta yau ta fi ta jiya sauri? A kwashe iyali, kada a kwana. Zaftarewar Gouache a Bafoussam ta Kamaru, a Oktoban 2019, da dare ta zo, ta kashe mutum fiye da 40.

Na huɗu, rage wa gangaren wahala. Ja lambatu a samansa ya kai ruwa gefe, gyara bututun da ke yoyo, kada a haƙa masai a bakin gaɓa. Kada a yanke gindinsa don faɗaɗa fili. Masu ɗibar ƙasar gini a kududdufi da masu haƙar ma'adinai, wannan ta fi shafar ku: rarake ƙasan gaɓa a bar samanta a rataye shi ke binne mutane. Layin ciyawar jema a gicciye yana taimakawa, amma ƙasar sama kawai saiwa ke riƙewa.

In zaftarewar ta riga ta taso, za ka ji rugugi da ƙarar karyewar itatuwa. Gudu gefe, kada ka bi gabanta, ka kuma nisanci kwari da kwazazzabo. Kada a ruga tono nan take: a Gofa ta Habasha, a Yulin 2024, zaftarewa ta biyu ce ta rufe masu ceto, aka rasa mutum fiye da 200. A tsayar da mutum ɗaya ya zuba wa saman gangaren ido da usur a bakinsa, sannan a fara tono.