Yadda ake kiwon kifin anemoni a tankin gilashi

Kifin anemoni, wanda masana ke kira Amphiprion ocellaris, ɗan ƙaramin kifi ne mai launin ruwan lemo da ratsin fari uku, kuma tsawonsa ba ya wuce santimita 11. A tekunan Indonesiya, Filifin da arewacin Ostireliya yake rayuwa tsakanin duwatsun murjani, yana fakewa a jikin anemoni, wata halitta mai kama da fure wadda ke harbin sauran kifaye amma yauƙin jikinsa ke kare shi daga dafinta.

Aikin farko shi ne haɗa ruwa. A samu tankin da ke cin lita 75 ko fiye, a zuba tataccen ruwa, a narka gishirin teku na kiwon kifi kimanin giram 35 a kowace lita, domin gishirin miya ba shi da sinadaran da ake buƙata. Sai a shimfiɗa yashi, a jera duwatsu, a kunna matatar ruwa, a jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, a bar tankin babu kifi har mako huɗu zuwa shida. A nan ne masu gaggawa ke yin asara, saboda a wannan lokacin ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke yaɗuwa, su ne kuma za su riƙa warware gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi. Kada a saka kifi sai gwaji ya nuna amoniya ta ƙare.

Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas. A garuruwanmu masu zafi wannan yana buƙatar ɗaki mai sanyi da batirin da zai riƙe matatar ruwan idan aka ɗauke wuta.

Wajen saye, ina ba da shawarar a nemi ƙanana biyu waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona, don har yanzu akwai masu kamo kifin murjani da gubar sayanayid. Ba sai an tantance jinsi ba: wanda ya fi girma zai rikiɗe ya zama mace, ɗayan ya zauna namiji. A ɗora ledarsu a kan ruwan tankin na minti 20, ana ƙara mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, kafin a sake su.

A ba su abinci kaɗan sau biyu a rana, a canza kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako. Ruwan da ya ƙafe saboda zafi kuwa da ruwa mara gishiri ake cike gurbinsa, tunda gishirin yana nan cikin tankin. Anemoni ba dole ba ne, kuma kiwonsa ya fi na kifin wuya, don haka sabon shiga ya jinkirta sayensa.