Ku riƙa zare faifan ajiya bayan kun gama kwafi

Jama'a, masu kwamfuta a gida ku kula. Akwai bairos ɗin da ke kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, kuma duk filashi ko faifan ajiya da ya tarar a jone, shi ma sai ya kulle shi. Saboda haka da zarar kun kwafi hotuna da takardunku, ku zare faifan ku jefa a durowa. Kwafi na biyu ku ɗora a Google Drive, wato ma'ajiyar Google da ke intanet, 15GB kyauta ne. Jefi-jefi ku buɗe fayil ɗaya daga cikin kwafin ku ga ko yana buɗuwa.

Riga-kafi kuwa, a ganina Microsoft Defender, wato mai tsaron bairos da ke cikin Windows, ya isa, muddin kuna barin sa yana sabunta kansa. Manhajojin sata da ake saukewa kyauta kam, ku rabu da su, ta nan ɓarnar ta fi shigowa.