Abin da Ke Kashe Gwajin Magani a Asibiti Kafin Wa'adinsa Ya Cika

Gwajin magani da ya tsaya kafin lokaci iri biyu ne. Akwai wanda aka tsayar da gangan saboda amsa ta riga ta fito. A Janairun 2011 aka dakatar da gwajin FEAST a Uganda da Kenya da Tanzaniya, bayan an shigar da yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, domin an ga waɗanda ake ɗura wa ruwa da sauri ta jijiya sun fi mutuwa cikin awa 48: kimanin kashi 10.5 cikin 100, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a yi musu wannan ɗurin ba. Wannan tsayawar rayuka ta ceta. Akwai kuma wanda ya mutu a tsaye: mutane ba su zo ba, kuɗi ya ƙare, magani ya lalace a firji. An ɗebi jinin jama'a, an ɓata musu lokaci, ba a samu amsa ba. Wannan na biyun ya fi yawa, kuma tun a takardar tsari ake shuka shi.

Babban kuskuren shi ne ƙirga marasa lafiya daga littafin rajista. Ko a Asibitin Koyarwa na ATBU a Bauchi kake aiki, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, rajista sunaye take tarawa, ba ta gogewa. A ce littafin masu sikila ya nuna mutum 600. A cikinsu akwai wanda ya rasu, da wanda ya koma Jos, da wanda rabonsa da zuwa ganin likita shekara uku. Gyaran shi ne a fito da foldojin wata 12 da suka wuce, a bi su ɗaya bayan ɗaya da sharuɗɗan shiga gwajin: shekaru, nauyi, awon ƙoda, juna biyu, maganin da yake sha yanzu. Abin da ya rage a raba shi biyu, domin ba duk wanda ya cancanta ne zai yarda ba. Idan lissafin ya ba da mutum takwas a wata, kuma ana neman 300 a shekara guda, to asibiti ɗaya ba zai iya ba. A ƙara Azare ko Kaltungo ko Bajoga tun farko, kada a jira sai wata na tara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharuɗɗan su ma a duba su da idon basira. Kowane layi da aka ƙara, mutane yake ragewa. Wanda ba lafiyar mai shiga yake karewa ba, a cire shi.

Sai kalanda, wadda masu rubuta tsari daga ofis suke mancewa da ita. Zazzaɓin cizon sauro daga Agusta zuwa Oktoba yake cika asibiti, kuma maganin rigakafin da ake raba wa ƙananan yara gida-gida da damina yana rage masu zuwa. Zazzaɓin Lassa da sanƙarau na rani ne. Idan izini ya makara da wata uku, shekara guda aka rasa. Manomi ba zai bar noman farko ya zo a auna masa hawan jini ba. Mai ciwon sukari yakan canza lokacin shan maganinsa da azumi, wani kuma ba zai yarda a ɗebi jininsa da rana ba. Ga yajin aiki: na likitoci masu neman ƙwarewa a 2021 ya kai wata biyu. A ware aƙalla wata uku na rara, a kuma ɗauki nas da mai shigar da bayanai waɗanda kuɗin binciken ne ke biyan su.

Takardar amincewa kuwa, fassara ta zuwa Hausa bai wadatar ba. A Gombe za ka haɗu da mai Fulatanci da Batangale da Batere, ga kuma wanda ajami kaɗai yake karantawa. Mace takan sa hannu da safe, da yamma maigida ya ji labari ya ce a cire ta. Yardarta ita ce sharaɗi, amma a ba ta kwana ɗaya ko biyu ta yi shawara a gida, a kuma gayyaci maigidan idan tana so. Mutanen arewa ba su manta da gwajin Trovan, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, ba, kuma duk mai bincike da ya ɗauka sun manta zai gani a jerin waɗanda suka ƙi dawowa. A je wurin hakimi da mai unguwa da liman kafin a ɗebi jinin kowa, a faɗi cokali nawa za a ɗiba, ina za a kai shi, yaushe za a zubar da ragowar.

Ko an yi duk wannan, wasu za su ɓace. A sa su a lissafi: idan ana bukatar 200 su kai ƙarshe kuma ana zaton kashi 15 za su zube, 236 za a ɗauka. A karɓi lambar waya uku, a rubuta kwatancen gida, a biya kuɗin mota a ranar, hannu da hannu.

Maganin da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 zuwa 8, dare guda na rashin wuta a watan Afrilu ya isa ya kashe shi. Don haka ana bukatar firjin sola, na'urar da ke rubuta zafi da kanta, da duba safe da yamma har Asabar da Lahadi. A nemi izinin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, na gwajin da na shigo da magani tun ana jiran kwamitin ɗa'ar bincike, a kuma gwada ranar ƙarewar wa'adin maganin da ranar da mutum na ƙarshe zai sha ƙwayarsa ta ƙarshe.

Akwai wani kuskure na masu zumuɗi: leƙen sakamako. Wanda ya duba alkalumansa sau biyar a hanya da ma'aunin 0.05 da aka saba (iyakar da ake yanke hukunci da ita cewa bambancin ba na dace ba ne), yiwuwar ya ga bambancin ƙarya ta tashi daga kashi 5 zuwa wajen 14. Gwajin da aka tsayar da wuri don "magani ya yi aiki" kuma yakan zuzuta amfanin maganin fiye da gaskiya. Don haka leƙen aikin kwamitin sa ido ne mai zaman kansa, wanda ba ya ƙarƙashin mai binciken. A rubuta tun farko sau nawa za su duba, bayan mutum nawa, da iyakar da za ta sa a tsaya saboda cutarwa, ko amfani, ko rashin alamar za a ga bambanci. Gwajin SPRING, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake cikinsa, misali ne: yara 220 masu sikila, ana gwada miligiram 10 da miligiram 20 na maganin hydroxyurea a kowane kilo na nauyin yaro don hana shanyewar ɓarin jiki. An tsayar da shi da aka ga ci gaba ba zai nuna bambanci ba, aka kuma buga sakamakon.

Bugawar nan ita ce inda da yawa suke faɗuwa. Gwaji ya tsaya, a kulle fayiloli a kabad saboda kunya, bayan shekara biyu wani ya maimaita kuskuren a asibitin da ke makwabtaka. Idan tsayawa ta zama dole, a sanar da kwamitin ɗa'a da NAFDAC a rubuce tare da dalili. A kira kowane mai shiga ya zo ganin likita na ƙarshe, a gaya masa abin da ya faru da bakin da yake ji. Mai farfaɗiya ko hawan jini ba a yanke masa magani rana ɗaya, sai a mayar da shi kan wanda asibiti ke bayarwa. A ƙirga ragowar ƙwayoyi a mayar, a gyara bayanin gwajin a rajistar gwaje-gwajen magani ta PACTR (ta Afirka) ko ClinicalTrials.gov da ainihin adadin da aka ɗauka, a saka sakamakon cikin wata 12 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema, ko da mutum 40 kacal aka samu.