Kurakuran da aka fi yi wajen tace ruwan ƙazanta a ƙananan garuruwa

Kuskure mafi girma shi ne a ɗauka aiki ya ƙare ranar da aka buɗe matatar. Tafkunan tacewa, waɗanda suka fi dacewa da garin da ba shi da tsayayyiyar wutar lantarki, lokaci suke buƙata: ruwa yana shiga tafki na farko mai zurfin mita 2 zuwa 5 inda dauɗa mai nauyi take kwantawa, sannan ya wuce tafkuna marasa zurfi inda hasken rana da gansakuka da ƙwayoyin bakteriya suke cinye abin da ya saura. Idan aka bar laka ta taru shekara da shekaru, sai tafkin ya cike, ruwan da ya kamata ya yi kwanaki a ciki ya ratsa da wuri, ya fita da yawancin dattinsa. Maganin wannan shi ne a riƙa auna kaurin lakar kowace shekara, a kwashe ta da zarar ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin tafkin, kuma a ware kuɗin kwasar tun a kasafin farko.

Haɗa ruwan sama da na ƙazanta a magudana ɗaya shi ma yana jawo ɓarna, domin mamakon ruwa guda ya isa ya sa matatar ta tumbatsa. Haka nan jinin mayanka da baƙin man gareji da sinadaran majema: a tare su tun daga inda suka fito.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yanke hukunci da ido. Ruwa yana iya fitowa garau alhali yana ɗauke da amoniya mai kashe kifi, da naitirojin da fosfaras waɗanda suke sa gansakuka ta mamaye rafi. Idan gansakukar ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa, kuma yawancin kifaye suna fara wahala idan iskar ta sauka ƙasa da miligiram 5 a kowace lita. Masunta da makiyaya da manoman da ke ƙasa da bakin bututun da matatar take sakin ruwanta cikin rafi ne suke ɗaukar wannan asara, su da ba a cika tuntuɓarsu ba lokacin da ake tsara aikin. A ƙa'idarta ta 1989, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da za a shayar da ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsar ciki ɗaya a lita, abin da ido ba zai taɓa tantancewa ba.

Wasu kuma sukan zuba kulorin da yawa don su kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da lura da cewa ragowarsa guba ce ga halittun ruwa ba. Dole a rage shi kafin a saki ruwan.

Lokacin awo ma yana da muhimmanci. Da damina rafi yana da ruwan da zai surka abin da aka zuba masa, amma da rani, sa'ad da ya janye, mai yiwuwa rabin abin da ke gudana a cikinsa daga matatar ya fito. Saboda haka a ɗebi samfuri a wuri uku, wato sama da bakin bututu, da bakinsa, da kuma ƙasa da shi, a tsakiyar rani da sassafe, lokacin da oksijin ya fi ƙaranci, sannan a sanar da ƙauyukan da ke ƙasa sakamakon.