Masu Tafiya Sikotlan, Kada Rigar Sanyi Ta Cinye Muku Akwati

'Yan'uwa masu shirin zuwa Sikotlan karatu ko ziyara, ga shawara. Maimakon jibgegiyar rigar sanyi guda, ku ɗauki riguna marasa kauri da za ku riƙa ɗorawa ɗaya kan ɗaya.

Yanayin can ba ya zama wuri ɗaya. Da safe yayyafi, da hantsi rana, kafin la'asar iska mai ratsa ƙashi. Ga jiragen ƙasa da azuzuwa duk da na'urar ɗumama ɗaki. Mai jibgegiyar riga yana shiga sai gumi, ya cire kuma sanyi ya kama shi.

Rigar ciki ta zama mai kama jiki, ta ulu ko foliyesta. Ku guji auduga a nan, don tana shan gumi ta ƙi bushewa, jiki ya yi ta tsuma. Sai suwaita, sai jaket mai hana ruwa da hula a haɗe. Lema ba ta jure iskar can, juya ta take yi ta karya ƙarafunan.

Shadda da atamfa suna shiga tsarin, dogon wando mai kama jiki kawai za ku sa a ƙasa. Ku ƙara safar ulu da takalmin da ruwa ba ya shiga.

Yawancin jirage kilo 23 suke yarda a akwati, don haka tufafin da suka fi nauyi ku sa su a jiki ranar tafiya.

Amma in Kanada kuka nufa a watan Janairu, wannan bai isa ba. Sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, dole ku sayi babbar rigar sanyi a can.