Masu tankin murjani, gishirin miya ba zai yi ba

Salam 'yan uwa. Don Allah kar wanda ya zuba gishirin miya a tankin murjani (tankin gilashi da ake kiwon murjanin teku mai rai a ciki), ba kalsiyam ba magnesiyam a cikinsa, ku nemi gishirin haɗa ruwan teku na buhu irin Instant Ocean ko Red Sea. Ruwan bohol ɗinmu na Katsina ma a bar shi, sai tataccen ruwan RO, wato wanda injin tacewa na reverse osmosis ya cire wa gishiri da datti. Ku fara cika bokiti sannan ku riƙa barbaɗa gishirin kaɗan-kaɗan, kusan giram 35 a lita, famfo na juyawa. Ni na taɓa zuba ruwa kan gishiri, ya yi fari fat kamar koko wallahi. Ku bar haɗin ya kwana, a auna nauyin ruwan (specific gravity), 1.025 ake so. In zafin Afrilu ya shanye ruwan tanki, zallan ruwa za a ƙara, gishirin yana nan bai tafi ba.