Shawara kan godiya a addu'ar dare

'Yan'uwa a cikin Ubangiji da ke nan Sakkwato, ina ba da shawara mu sanya godiya a farkon addu'ar iyali ta dare, kafin a fara roƙo. Kowa a gidan, har da yara, ya ambaci abu ɗaya takamaimai da Allah ya yi masa a wannan rana. Kada a tsaya kan "mun gode da rai da lafiya" kawai, a faɗi abin da sunansa, kamar mai garuwa da ya iso da ruwa a tsakiyar zafin Afrilu, ko yaron da zazzaɓi ya sake shi, ko maƙwabcin da ya ba da rancen kuɗin makaranta.

A 1 Tasalonikawa 5:18 Bulus ya ce mu yi godiya cikin kowane hali, kuma a kurkuku yake sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa cewa su kai roƙonsu ga Allah tare da godiya. Saboda haka ranar da ta yi wuya ma ba a tsallake ta, ko da abin da za a iya ambata ƙarami ne ƙwarai.

A ganina, abin da aka fi sakaci da shi shi ne komawa ga mutumin da Allah ya yi amfani da shi. A Luka 17, kutare goma Yesu ya warkar, amma Basamariye ɗaya ne kaɗai ya dawo. In an ambaci sunan wani da dare, washegari a kira shi ko a je gidansa a gode masa.